Allah Ya Yi Mana Zaɓi

Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, wake ya bushe a gona, hanyar Kano zuwa Katsina kan cushe a daidai Dawanau. Ƙananan motoci daga Bichi da Ɗambatta da Kunci, tireloli ɗauke da masarar Funtuwa da Dandume, riɗin Gumel da Maigatari, waken da ya tsallako daga Maraɗi da Damagaram, duk a nan suke sauke kaya. Tun da aka kafa kasuwar a 1985 a ƙasar Dawakin Tofa take faɗaɗa tana cinye gonakin da ke gefenta, har ta kai ana kiran ta babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Daga nan zoɓo kan kama hanyar Meziko, riɗi ya nufi Sin da Turkiyya, gero da dawa su haura Nijar da Cadi. Amma kowa a cikinta, tun daga alhajin da sitocinsa suka jeru har zuwa matar da ta aiko yaro da 'yan kwanonin gyaɗa, tambaya ɗaya ke hana shi barci. In sayar yau ko in dakata? In saya yanzu, ko kaya zai ƙara sauka?

Dillalin da ya tsufa a layi zai ba ka labarin bara da bara waccan. Zai gaya maka inda damina ta yi kyau da inda ruwa ya ɗauke da wuri, da abin da baƙi ke nema a bana. In ka matsa masa ya yanke maka magana, sai ya buɗe tafin hannu ya ce, "Alhaji, sai dai Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri." Kai kuma ka ce amin, ku yi sallama.

Ana faɗin wannan magana a zauren da aka je neman aure. Ana faɗin ta a tasha in yaro zai tafi ci-rani Legas, ana faɗin ta a jajibirin zaɓe. Ta yawaita a baki har ta kusa zama gaisuwa, alhali nauyinta ya wuce haka nesa. Mai faɗin ta ya amsa cewa bai san inda alherinsa yake ba, kuma akwai Wanda Ya sani. Abin da ba kasafai muke lura mun ɗaukar wa kanmu ba shi ne alkawarin da ke ƙunshe a ciki, cewa in zaɓin ya zo saɓanin son ranmu za mu karɓa. To, ta yaya ma bawa zai gane zaɓin in ya zo? Wahayi ya yanke da wafatin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekara ta 11 bayan hijira. Mala'ika ba zai sauko layin 'yan wake ya ce da wani saya ko bari ba. Duk da haka babu mai sallah a Dawanau da zai yarda cewa Ubangijinsa Ya sake shi yana lalube shi kaɗai.

Hanyar da kowa ya sani ita ce istihara. Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, a Sahihul Buhari, cewa Annabi ya kasance yana koya wa sahabbai ita da irin kulawar da yake koya musu Alƙur'ani. Raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'a gajeriya. Wanda ya zauna ya bi ma'anarta a tsanake zai tarar babu inda mai roƙo ya ce a nuna masa. Bai nemi mafarki ba, bai nemi wata alama ba, bai ce a sanar da shi abin da gobe za ta haifar ba. Ya fara ne da sallamawa cewa sani da iko ba a hannunsa suke ba. Sannan ya ambaci buƙatarsa, ya roƙi a sauƙaƙe ta a sa mata albarka idan ta dace da addininsa da zamansa na duniya da makomarsa. Idan kuwa cuta ce, a raba su, kuma rabuwar ta kowane ɓangare, a janye abin daga gare shi, shi ma a cire masa abin daga rai. Ya ƙare da roƙon a sa ya gamsu da duk inda aka ajiye masa alherin.

Wannan cirewa daga rai ita ce ta fi taɓa ni. Kowannenmu ya san mutumin da wani ciniki ya kuɓuce wa tun shekaru, ko wanda aka hana wata yarinya tun yana saurayi, ga shi yanzu da furfura da jikoki amma zancen bai bar bakinsa ba. Abin ya tafi, shi ne bai tafi ba. Addu'ar ta san da wannan ciwo, ta nemi maganinsa tun kafin ya kama mutum.

Akwai wata magana da ke bin istihara a baya, har wasu na ɗaukar su abu ɗaya: "Bari in kai wa Malam ya duba mini." A aika da sunan yarinya da na mahaifiyarta, a haɗa da ɗan abin sadaka, malam ya ce a dawo gobe zai kwana da maganar. Wani ya buga ƙasa, wani ya ja carbi ya ga inda ƙidaya ta tsaya, wani ya yi hisabin haruffan suna, kuma duk a kira shi istihara. Neman addu'ar mutumin kirki abu ne mai kyau, babu wanda ya hana. Amma buƙatar mai cewa a duba masa dabam take da ta mai raka'a biyu. Mai istihara cewa yake ban sani ba, Ka zaɓa mini. Mai neman duba cewa yake ban sani ba, a sanar da ni in zaɓa da kaina. Na farko ya miƙa ragama, na biyu ƙarin bayani yake nema domin ragamar ta ci gaba da zama a hannunsa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi faɗa da wannan al'ada fiye da shekara 200 da suka wuce. A Nurul Albab ya ja kunnen mutanen ƙasar Hausa game da masu da'awar sanin gaibu ta zanen ƙasa da taurari da kukan tsuntsaye. Malaman Izala sun sake ɗaga maganar da lasifika tun kafuwar ƙungiyar a Jos a 1978, kuma malamin ɗariƙa na ƙwarai ba ya yarda a jera shi da boka. Amma duba bai mutu ba, waya ma ya shiga. Yanzu ta WhatsApp ake tura suna, a tura kuɗi ta banki, amsa ta dawo da murya. Ba na iya raina masu zuwa, domin na san abin da ke kai su. Mutumin da ya zuba jarinsa kaf cikin masara, ya haɗa da na ƙannensa da adashen matarsa, tsoro ne kwance a cikinsa, kuma mai tsoro zai biya duk wanda ya ce masa kwantar da hankalinka, na gani. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aka sa talaka ya yarda cewa shi bai kai ya tambayi Ubangijinsa da kansa ba. Bazawarar da ke suyar awara a bakin kasuwa, wadda karatunta bai wuce na sallah ba, za ta iya yin alwala ta yi nafilarta, a rubuta mata addu'ar ta bi a hankali, ko ta kai kukanta da Hausarta. Babu wanda ya fi ta sanin abin da ke damun ta, babu kuma wanda zai kai ta naci a kansa.

Ba ina nufin mafarki ba komai ba ne. Hadisi ya tabbatar da cewa mafarkin ƙwarai yanki ne ɗaya cikin 46 na annabci, ya kuma kasa mafarki uku: na bushara daga Allah, na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda mutum ya wuni yana saƙawa ya kwana da shi. Shehu da kansa ya ba da labari a Wirdinsa cewa yana da shekara 40 da 'yan watanni, wajen 1794, ya ga Annabi tare da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka rataya masa takobin gaskiya. Sai dai bai wayi gari ya ce a ɗaura sirdi ba. Shekara 10 ya ƙara a Degel yana karantarwa yana rubutu. Sai a 1804, da Sarkin Gobir Yunfa ya ƙuntata wa jama'a, ya yi hijira zuwa Gudu, kuma da ya zo kafa hujja a Bayanu Wujubil Hijra, da aya da hadisi da maganganun malaman fiƙihu ya kafa ta. In mutum irin Shehu ya riƙe abin da ya gani shekara 10 yana auna shi da shari'a, ina dalilin wanda zai fasa auren 'yarsa saboda ya yi mafarkin baƙin kare?

Mafarkin da ya fi kusa da zuciyar ɗan Dawanau kuwa shi ne na sarkin Masar a Suratu Yusuf, shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai, da zangarniyoyi ɗanyu da busassu. Annabi Yusufu bai tsaya ga faɗin abin da zai faru ba. Fassararsa aiki ce: a duƙufa noma shekara bakwai, a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan. Manomin da ke ɗaure gero dami-dami ya jera a rumbu ba tare da ya sussuka ba ya san amfanin haka, ƙwari ba sa saurin cin sa. Kuma ajiyar nan domin a ciyar da mutane aka yi ta, har 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya sun zo sun auna.

In ba mafarki ba, to me ake jira bayan sallama? Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan hijira, ya faɗa a Al-Azkar cewa mutum ya bi abin da ƙirjinsa ya buɗe gare shi. A Arba'una Hadisi da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, hadisi na 27, wani sahabi mai suna Wabisa ya zo tambaya kan aikin kirki, Annabi ya mayar da shi ga zuciyarsa da abin da take natsuwa da shi. Bahaushe yana da maganganu da yawa a wannan fage. Hankalina ya kwanta. Raina bai ba ni ba. Jikina ya yi sanyi. Zuciyata na ɗar-ɗar. Abin ya fita daga raina. Na yarda da waɗannan maganganu, ban ɗauke su camfi ba. Akan sami ɗan kasuwa ya ga kaya mai kyau, farashi da sauƙi, mai kaya da fara'a, ya juya buhu ya sake juyawa, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, hankalina bai kwanta ba," ya wuce, daga baya a ji kayan akwai magana a kansu. Wani zai ce ai gogewa ce, ido ya ga abin da baki bai iya faɗa ba. Haka ne. Wa ya ba shi idon, wa ya farkar da shi a daidai lokacin?

Sai dai zuciya ba bakin mutum ɗaya ke magana a cikinta ba. Akwai son rai, akwai tsoro, akwai waswasi, kowanne ya iya kwaikwayon muryar gaskiya. Saurayin da ya riga ya mace a kan yarinya, ko sau nawa ya yi istihara a kanta hankalinsa zai kwanta. Shi ya sa malamai ke cewa a yi ƙoƙarin sauke abin da aka riga aka ƙudurta kafin a tayar da kabbara. Matan da ke sheƙar gero a masussuka ba sa ɗaga ƙwarya sai iska ta daidaita, domin guguwa har tsaba take kwashewa. Haka zuciyar da fushi ko kwaɗayi ko ɗoki ke kaɗawa, duk abin da ka sheƙa a cikinta a lokacin ba za ka rarrabe tsaba da ƙaiƙayi ba. A jira ta lafa. Iyayenmu kan ce gaggawa aikin Shaiɗan, kuma na lura duk abin da ya zo yana cewa yanzu-yanzu, kada ka gaya wa kowa, dama ce ba ta dawowa, da wuya ya ƙare lafiya. Waɗanda harkar zuba kuɗi ta MMM ta tafi da kuɗinsu a ƙarshen 2016, da yawansu da farin ciki suka zuba, suna jin Allah ne Ya buɗe musu ƙofa.

A bakin Bakano sunan Dawanau abu biyu yake kawowa, kasuwa da asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa. Mutane kan yi ba'a da na biyun, abin da bai dace ba ko kaɗan. Na ambato shi ne domin akwai bayin Allah da ke jin murya a kunnensu da gaske, tana kiran sunansu, tana ba su umarni, su ɗauka daga Allah take ko daga wani waliyyi. Dangi kan shafe shekaru tsakanin ruƙiyya da hayaƙi kafin su tuna da likita, ciwo kuwa yana ta yin nisa. Wanda ya daina barci, ya daina cin abinci, yana cewa an aiko shi da saƙo, tausayi yake buƙata da magani, a haɗa masa da addu'a. Wannan mara lafiya ne, ba shi da laifi. Dabam yake da mai lafiyar da ya ɗora maganar kansa sama da Littafi da malamai ya tara mabiya. Irin wannan Kano ta ɗanɗana kuɗarsa a 'Yan Awaki a Disambar 1980, lokacin rikicin Maitatsine, inda fiye da mutum 4,000 suka rasa rayukansu.

Da ka bar sitocin kasuwa ka yi arewa, gonaki ne manne da juna, gida kusa da gida, babu daji. Ƙasa ce da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda takin turke da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa suka riƙe ta tana ciyar da jama'a mai yawa. A ganina babu wanda ya kai manomin nan iya saurare. Damina wata huɗu ce ko ƙasa da haka, irin da ke hannunsa kuma ƙidayayye ne. Ya yi binne ya jira ruwa, ko ya bari sai ya sauka? Ruwan farko ya zuba, na shuka ne ko mai yaudara ne da zai tsirar da gero rana ta ƙone shi? Sai ka gan shi yana lura. Shamuwa ta dawo ta fara sheƙa. Gawo ya soma zubar da ganye. Iska ta juyo daga kudu, zafin bazara ya kai maƙura, hadari na haɗowa a gabas. Ya kunna rediyo ya ji abin da hukumar hasashen yanayi ta ce. Ya tona ƙasa da hannu ya ga iya inda laima ta shiga. Ya tambayi maƙwabcinsa dattijo, "Baba, kai ka shuka?"

Kada a haɗa wannan da kukan tsuntsun da Shehu ya hana. Mai camfi cewa yake tsuntsu ya yi kuka a hagunsa, don haka tafiyarsa ba sa'a, alhali babu abin da ya haɗa tsuntsu da tafiya. Shamuwa kuwa ruwa take bi, haka Allah Ya tsara ta, kuma wanda ya karanta tsarin Allah a halittarsa bai yi da'awar gaibu ba. Manomi ya gama lurarsa ya ce bismillah ya saka iri, yana sane cewa zai iya kuskure. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun shaida alamu na iya cika ruwa ya ɗauke. Don haka ne za ka ga gero da dawa da wake a gona ɗaya. Gero ya nuna da wuri ya kori yunwar marka, dawa ta biyo baya in ruwa ya kai, wake ya rufe. In ɗaya ya ƙi, wani ya yi. Mutumin da ya shuka haka ya faɗa da fartanyarsa abin da addu'ar istihara ta buɗe da shi, cewa shi bai sani ba. Hadisin Tirmizi na balaraben da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah, a kunyoyin nan ake aiki da shi kowace damina.

Tambayar da manomi ya yi wa dattijo ma cikin sauraren take. Shawara ɗaukar ɗaki, in ji Bahaushe. A shekara ta 3 bayan hijira, da Ƙuraishawa suka doso Madina, ra'ayin Annabi ya karkata ga a tsaya cikin gari, matasa suka nace a fita. Ya bi su, kuma da ya sa sulke bai yarda a sake juya magana ba. A Uhudu Musulmi suka sha wuya, kimanin 70 suka yi shahada, cikinsu har da baffansa Hamza. Amma ayar Ali Imrana da ta sauka bayan haka ba ta ce ya daina jin ta bakinsu ba, umarni ta sake ba shi da ya ci gaba da shawartar su, in ya ƙudurta kuma ya dogara ga Allah. A Hudaibiyya, da sahabbai suka yi nauyin jiki saboda baƙin ciki, shawarar matarsa Ummu Salama ce ta warware lamarin. Ina tuna wannan idan na ga magidanci ya zagaye malamai da abokai da dillalai kan jarin da rabinsa na uwargida ne, ita kuwa bai ce mata uffan ba. Kiristocin da ke layin doya da garin rogo su ma suna da labarin yaro Sama'ila a Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932. Ya ji kira da dare, bai yanke hukunci shi kaɗai ba, wurin dattijo Eli ya tafi.

A maganar aure abin ya fi fitowa fili. A watan Mayun 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin jinin da ke nuna haɗarin sikila. Akan ji mai cewa, "Mu mun yi istihara, mun bar wa Allah." Amma idan saurayi da budurwa duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon, kuma wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaron da ƙasusuwansa ke sara ba ya wasa da wannan lissafi. Ka roƙi a janye maka abin in akwai cuta a ciki, sai ga takarda ta fito ta nuna maka cutar. Me ya sa ba za ka ɗauke ta amsar roƙonka ba?

Har yanzu ban zo ga abin da ya fi damuna ba. Malamai sun yi ittifaƙi cewa ba a yin istihara kan abin da aka wajabta ko aka haramta, domin an riga an yi magana. Kuma maganar da aka yi wa 'yan kasuwa ba a ɓoye take ba. Sura guda, Muɗaffifina, da masu tauye mudu ta buɗe. Annabi guda, Shu'aibu, an aike shi ga mutanen Madyana da gargaɗi kan awo da sikeli. Hadisin Muslim ya kira mai ɓoye abinci don ya yi tsada mai zunubi. To, ga mutum ya tashi cikin sulusin dare yana kuka yana roƙon a haska masa ranar da masara za ta ninka, alhali ɗan dakon da ya sauke masa tirela jiya bai karɓi cikon haƙƙinsa ba, kwanon da yake saye da shi dabam, wanda yake sayarwa da shi dabam, a ƙasan buhun riɗinsa akwai yashi. Waken da ya ajiye ya zuba masa maganin ƙwari fiye da ƙima, irin abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya tun 2015, mu kuwa muka ci gaba da dafa wa 'ya'yanmu. Wannan mutum yana kasa kunne ga abin da ba a yi masa alkawarin ji ba, ya toshe kunne ga abin da liman ke karanta masa a sallar asuba. Ina jin tsoron yawancinmu haka muke, a kasuwa ko a ofis ko a gida. Shiriyar da ke hannunmu ta fi wadda muke nema yawa, kuma ban ga yadda zuciyar da ta saba take sanannen umarni za ta iya tsinkayar ɓoyayyar ishara ba.

Ba ajiya ce laifi ba. Da babu masu saye da kaka su adana, da bazara ta zo babu abin awo, kuma malaman Malikiyya sun rataya hanin ne ga cutar da jama'a. A Fabrairun 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu sitoci a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, shugabannin kasuwa kuma suka musanta. Hukuma buhu take iya ƙirgawa. Niyyar da aka kulle sito da ita, ko ta Annabi Yusufu ce ko ta mai jiran yunwa ta ƙara tsananta, mai makulli ne kaɗai ya sani, kuma ya sani sarai ba sai ya kwana da maganar ba.

Saura wanda ya yi komai daidai ya faɗi. Mudunsa cikakke, ya yi shawara, ya yi nafilarsa, hankalinsa ya kwanta, ya saya. Sai aka rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Ko takardun naira suka ɓace a farkon 2023 ciniki ya tsaya cak. Ko juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa aka datse hanya har zuwa Maris ɗin 2024. Ko ya sayi masara da tsadar 2024, farashi ya rikito a 2025, ya sayar ƙasa da yadda ya saya. Shi ne zai zo ya ce maka, "Yaya, wallahi na yi istihara." Me za ka ce masa?

Mukan yi saurin cewa wani hanin ga Allah baiwa ne. Gaskiya ne, amma ta fi sauƙin faɗa a bakin wanda jarinsa ke nan. Ban ga amfanin ƙirƙiro masa dalili ba, a ce wataƙila da ya samu da ya lalace, domin ba mu sani ba. Abin da kawai za a iya tuna masa shi ne riba ba ta cikin abin da aka lamunce masa. Alheri ya roƙa, ya haɗa har da makomarsa, kuma ba lalle a nuna masa lissafin a nan ba. A Suratul Kahfi, da Halliru ya huda jirgin talakawan nan, Annabi Musa ne aka yi wa bayani daga baya, cewa akwai sarki a gaba mai ƙwace duk jirgi mai lafiya. Ba a ba mu labarin cewa masu jirgin sun ji dalilin ba. Abin da suka gani da idonsu shi ne sun ɗauki baƙo ya ɓata musu abin neman abinci. Yawancinmu a matsayinsu muke, ba a matsayin Musa ba. A nan ne ƙarshen addu'ar ke aiki, inda bawa ya roƙi a sa ya gamsu, domin gamsuwa a irin wannan rana ba abin da mutum ke iya tatsowa daga kansa ba ne, sai an ba shi.

In an je jajen asara akan ce Allah Ya mayar da alheri, kowa ya shafa. Wannan ma magana ce mai bin wanda ya faɗe ta bashi, domin alherin da ake mayarwa ta hannun mutane yake biyowa. Wanda ke bin mai asara kuɗi, Alƙur'ani ya riga ya gaya masa ya saurara har a samu sauƙi, in ya yafe ya fi. A Dawanau har yanzu ana samun maigidan da zai kira yaronsa da ya karye, ya ce, "Ɗauki buhu ashirin ka je ka juya, in ka sayar ka kawo uwar kuɗi." Babu takarda, babu jingina, shaidu biyu ne da dillali. Cikin masu sito a kasuwar yau akwai waɗanda da irin wannan suka sake miƙewa.